Wuta, Sifika, Sannan Jita: Cinikin Bes daga Garbadu

Kiɗan da ba shi da kauri a ƙasa ba ya tayar da mai rawa. Makaɗan ƙasar Mafara da Bakura da Maradun sun san wannan tun kafin a kafa turken lantarki na farko a yankin. Saurari Alhaji Musa Ɗanƙwairo, haifaffen ƙasar Bakura da ya yi suna a Maradun, ya rasu a 1991: muryarsa da ta 'yan amshi suna sama, kotso yana ƙasa yana tallafe da su. Haka masu kukuma irin su Hassan Wayam, wanda shi ma ɗan ƙasar Maradun ne kafin Zariya ta riƙe shi. Kukuma tana kukanta a sama, amma abin bugu ne ke gaya wa ƙafa inda za ta sauka. A kiɗan zamani jitar bes aka ɗora wa wannan aiki, ita da ganguna. Tsirkiyoyinta huɗu ne masu kauri, wuyanta ya fi na jita tsawo, kuma mai sauraro bai cika lura da ita ba sai ta yi shiru.

Sai dai kotso da bakinsa yake magana. Bes kuwa dunƙulen katako ce marar rami, in ba a jona ta ba wanda ke zaune gefenka ma da ƙyar zai ji ta. Sayenta ita kaɗai daidai yake da sayen garma ba shanu. Saurayin Garbadu ta ƙasar Mafara da ya ƙudurta mallakar bes abu huɗu ne a gabansa: wutar da za ta tayar da kayan, sifikar da za ta tura iska, amfilifayar da za ta ciyar da sifikar, sannan jitar kanta. A ganina da wannan jeri ya kamata kuɗi su fita daga aljihu. Yawancin masu saye daga wutsiya suke farawa, don jita ce ake ratayawa a ɗauki hoto.

Yana da kyau mutum ya fara sanin inda waɗannan kaya suke zama a ƙasar Hausa, domin shi zai nuna masa wurin wa zai saya, da wanda zai karɓa daga hannunsa ranar da ya gaji ko ya matsu. A Nijar jita ta samu gida. Gasar Ɗan Gurmu, wadda aka fara a shekarun 1980 da sunan sanannen makaɗin nan na Tawa, ta sa matasa sun yi ta kafa ƙungiyoyi masu jita da bes da ganguna, daga baya aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa a Yamai mai sunan Alhaji Taya. Daga Maraɗi Sa'adu Bori ya ɓullo, har kamfanin Stern's na Landan ya fitar da faifansu shi da Moussa Poussy a 1994. Sai Mamar Kassey a 1995, sai Tal National a 2000, masu raba dare suna kiɗa a Yamai. Can arewa kuma ga Bombino da Mdou Moctar, wanda da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Inda ake da ƙungiyoyi haka, ana samun mai koyarwa, da mai gyara, da tsohuwar bes da ke neman sabon hannu.

A wannan ɓangaren iyaka labarin ya sha bamban. An yi zamanin Bala Miller da ƙungiyarsa a Kaduna a shekarun 1970 da 1980, ga kuma makaɗan badujala na soja da 'yan sanda. Amma da finafinan Hausa suka bunƙasa a Kano a shekarun 1990, fiyanon Yamaha samfurin PSR ya shiga situdiyo ya zauna daram. Mutum ɗaya da yatsu goma ya tsaya a madadin mutum biyar ko shida, hannunsa na hagu yana ba da kaurin da bes za ta bayar. Kwamfuta ta zo ta ƙarasa. Yau mafi yawan waƙoƙin da ake sakawa a bikin aure a Mafara ko Gusau, kaurin da ke dukan ƙirji a cikinsu ba daga tsirkiya ya fito ba. Bes ta gaske ta koma zama a coci-coci na Sabon Garin Kano da Kaduna da Zariya da Jos, da hannun makaɗan mawaƙan bishara irin su Panam Percy Paul da Solomon Lange, da 'yan situdiyo kaɗan. A Zamfara kuwa, tun da aka ƙaddamar da shari'a a Gusau a watan Oktoban 1999 zamanin Ahmad Sani Yariman Bakura, dandalin kiɗan dare ya ƙara tsukewa, sannan rashin tsaro ya zo ya ɗora nasa, har a 2021 aka rufe kasuwannin mako aka katse layukan waya. Ma'anar wannan ga mai ciniki ita ce masu sayen bes a nan kusa ba su da yawa. Duk shawarar da zan bayar a ƙasa daga nan ta samo tushe.

To, wuta. Kamfanin rarraba lantarki na Kaduna ne ke riƙe da Zamfara da Sakkwato da Kabi, madatsar Bakolori da aka kammala a 1978 tana nan kusa, amma ba mai shirya biki ya dogara da wutar gwamnati. Janareta ne ko sola. Ƙaramin janaretan nan na Tiger da ake gauraya wa fetur da baƙin mai, ƙarfinsa bai wuce wat 650 ko kusa da haka ba, wutarsa kuma tana hawa da sauka. Bes ba ta shan wuta a tsanake. Duk sanda aka ja babbar tsirkiya, amfilifaya fizga take yi lokaci guda, shi ya sa za ka ga fitilun filin biki suna lumshewa tare da kiɗa. In ka ga haka janareta ya yi kaɗan. Amfilifayar da ke aiki da yunwar wuta kuwa sautinta tsagewa yake, mai kiɗa ya ƙara murɗa ta don a ji, koyil ɗin sifika ya yi ta ɗaukar zafi har ya ƙone. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin fetur na dare ɗaya ya shiga lissafin kowane mai kayan sauti, sola ta fara jan hankali. Wanda zai bi wannan hanya ya tambayi inbata mai fitar da wuta sumul irin ta gwamnati. Mai arahar da ke fitar da ita a kakkarye tana sa sifika ziza tun ba a taɓa tsirkiya ba.

Akwai abu biyu a bayan amfilifaya da ya kamata ido ya sauka kansu kafin komai. Na farko rubutun da ke gefen ramin wayar wuta. Wutarmu bolt 230 ce, ta Amurka 120. Kayan hannu da yawa daga can suke zuwa, kuma wanda ya jona mai 120 kai tsaye zai ji ɗas, ya ga hayaƙi, shi ke nan. Wasu suna da maɓallin sauyawa, wasu sai an saya musu taransifomar rage wuta. Na biyu ƙafar fulogi ta uku, wadda mutanenmu ke karyewa don ya shiga soket. Ita ce wayar ƙasa. Tsirkiyoyin bes a haɗe suke da jikin amfilifaya ta cikin waya, saboda haka in wuta ta zurara a ciki, ta hannun mai kiɗa za ta nemi hanya, musamman in yana tsaye ba takalmi a ƙasa mai danshi ko leɓensa ya taɓa makirufo. Wannan ba zancen daɗin sauti ba ne, zancen rai ne. Mai wayarin zai iya kafa turken ƙarfe a ƙasa ya haɗa da janareta da kuɗi kaɗan.

Sifika ce wurin da aka fi tafka asara, don ba kowa ya san nauyin da bes ke ɗora mata ba. Babbar tsirkiyar bes tana kaɗawa sau 41 a daƙiƙa, rabin na babbar tsirkiyar jita mai 82. Igiyar sauti mai wannan zurfi tsawonta a iska ya haura mita 8. Kafin kunne ya ji ta sai kwalin sifika ya yi ta kai da komo da nisa yana tura iska mai yawa. Lasifikar ƙaho irin ta Ahuja ko TOA da ke kan masallatanmu don muryar mutum aka ƙera ta, kuma a nan ba ta da na biyu, amma kauri ba ya bi ta cikinta, in aka matsa mata ma ƙonewa za ta yi. Bes tana son faffaɗan kwali, inci 15 guda ɗaya, ko inci 10 guda biyu ko huɗu, a cikin akwati mai ƙwari, rufaffe ko mai ramin iska da aka auna. Kafintocinmu suna ƙera irin waɗannan akwatuna, wasu kuma sun iya, amma wanda ya yi da siririn katako ko ya bar kafa a mahaɗa, rabin kaurin a nan zai zube. Sannan a tuna mu a fili muke biki. A ɗaki bango yana maido da kauri, a fili kuwa tafiya yake ba dawowa. Abin da ya girgiza shagon mai sayarwa yana iya zama raɗa a ƙofar gidan ango.

Gwada sifikar hannu ba ya bukatar na'ura. Ka baza yatsunka kewaye da tsakiyar kwalin, ka danna a hankali daidai wa daida. In ya shiga ya fito shiru, lafiya lau. In ka ji ƙarar gurzawa, koyil ya taɓa yin zafi ya karkace. Ka kai hanci kusa, ƙauri ba ya ɓuya. Ka taɓa wayoyinta biyu a kan batirin tocila, za ta yi ɗan tsalle da ƙara guda mai tsabta. Sannan ka juya akwatin ka duba gindinsa, nan gara da ɓera da danshi suke fara aiki. Sifikar da aka sake naɗa wa koyil ba abin gudu ba ce in gwani ya naɗa, amma kuɗinta ba na wadda ba a taɓa buɗewa ba ne, kuma wajibi mai ita ya faɗa.

Sai lambobin da ake rubutawa a kwali. Za ka ga ɗan akwatin da yaro zai ɗauka da hannu ɗaya an rubuta masa wat 5,000, a gefe da ƙananan haruffa PMPO. Wannan lamba ta talla ce, ba ta auna komai. Wadda ake dubawa ita ce mai RMS a gefenta, ƙarfin da kayan za su iya riƙewa suna ta aiki. Ko ita ma kada ta ruɗe ka. Ninka wat sau biyu ɗan ƙari kaɗan yake kawowa a kunne, sai an ninka kusan sau goma kafin mutum ya ce ƙara ta ninku. Saboda haka tsakanin mai wat 200 da mai 250 ba abin da ya kai a ƙara kuɗi. Ƙara akwatin sifika na biyu ya fi tasiri. Amma a nan ma akwai rami. Kowace sifika tana da lambar om, galibi 8 ko 4, kowace amfilifaya kuma an rubuta mata mafi ƙanƙantar om da za ta jure, galibi 4. In ka jera masu 8 guda biyu a layi ɗaya sun koma 4, ba laifi. In ka jera masu 4 guda biyu sun koma 2, amfilifaya ta yi zafi ta mutu ana tsakiyar rawa. Yawancin waɗanda ake kai wa mai gyara washegarin biki, abin da ya kashe su ke nan: an ga jama'a sun yi yawa, an aro akwati an ƙara.

Amfilifaya iri uku ce a kasuwa. Akwai mai bawul, kwalaben gilashin nan irin na tsoffin rediyo. Sarauniyarsu ita ce Ampeg SVT da ta fito a 1969 da wat 300, sautinta kuma ba a musu a kansa. Amma kanta kaɗai ya kusa kilo 40, bawul yana fashewa a hanya mai gargada, kuma masana'antun da suka rage suna yin sa 'yan kaɗan ne a Rasha da Sulobakiya da Sin. Wannan ba kayan da za a ɗaura a bayan babur ba ne. Akwai sabbin masu sauƙin nauyi irin Fender Rumble da Markbass, waɗanda ba sa cin wuta sosai, abin da ya dace da mai sola. Aibinsu shi ne cikinsu ƙananan kaya ne da inji ya manna, in wutar janareta ta buge su sai dai a sauya allon gaba ɗaya, allon kuma sai an yi odarsa. Tsakanin waɗannan biyu akwai tsofaffin masu taransisto da babbar taransifoma, irin na kamfanin Peavey da Hartley Peavey ya kafa a Misisifi a 1965, samfurin TNT da TKO. Suna da nauyi, ba su da kyan gani, amma mai gyaran rediyo a Mafara ko Gusau zai buɗe ya gane abin da yake gani, ya cire wanda ya ƙone ya liƙa wani da dalma. Ni a ƙauye wannan nake fifitawa.

Har ma zan wuce nan in ce wanda kuɗinsa ƙididdigaggu ne kada ya fara da amfilifayar bes zalla. Ya sayi sifika mai inci 15 da ke ɗauke da amfilifayarta a ciki, ko mikisa mai ƙarfi da akwati, ya jona bes a ciki. Gwanayen bes za su ce sautin bai kai na tata amfilifayar armashi ba, kuma gaskiyarsu ne. Amma wannan kaya ba ya kwana banza. Yau walimar sauka, gobe taron siyasa, jibi ɗaurin aure ko gidan kallon ƙwallo, duk haya ce. Ranar sayarwa kuma masu tayi suna da yawa, daga kwamitin Islamiyya har mai tallan maganin gargajiya. Amfilifayar bes zalla mai bes kaɗai ke nemanta, shi kuma yana Kano ko Kaduna. Abin da ba a yi shi ne jona bes a amfilifayar jita, don akwatinta buɗe yake ta baya, kwalinta kuma ba zai jure ba. Akasin haka yana yiwuwa: Fender Bassman da aka yi don bes masu jita ne suka ƙwace ta, har Jim Marshall ya kwaikwayi tsarinta a Landan a 1962 ya kafa nasa suna.

Yanzu mun iso jitar. Leo Fender, wanda ya fitar da Precision Bass a 1951 da Jazz Bass a 1960, ba makaɗi ba ne. Mai gyaran rediyo ne a garin Fullerton na Kalifoniya, kuma da idon mai gyara ya tsara kayansa. Wuya da kusoshi huɗu aka ɗaure shi a jiki, in ya lalace a kwance a sa wani. Wayoyin ciki ba su da yawa, duk wanda ya iya riƙe ƙarfen dalma zai bi su. Wannan tsari ne kusan kowane kamfani ke kwaikwaya har yau, kuma shi ya fi dacewa da wurin da babu ƙwararren mai gyaran jita. Precision tana da maganaɗisun ɗaukar sauti guda da aka raba biyu, muryarta dunƙulalliya ce, kuma rabon nan yana kashe zizar wuta. Ita James Jamerson ya riƙe a waƙoƙin kamfanin Motown. Jazz tana da siririn wuya mai daɗin kamu ga ƙaramin hannu, da maganaɗisu biyu da ke ba da launin sauti iri-iri, ita ce a hannun Aston Barrett na ƙungiyar Bob Marley. Sai dai in ka rage ɗaya ka bar ɗaya, tana kwaso ziza, kusa da janareta kuwa abin ya fi muni. Don haka a wurinmu Precision ko mai irin tsarinta ta ɗan fi.

Mai tsirkiya biyar tana ƙara zurfi zuwa kaɗawa 31 a daƙiƙa. 'Yan coci suna sonta, amma in sifikarka ba ta iya fitar da wannan zurfi, ka biya kuɗin abin da ba za a ji ba, ga tsadar tsirkiya. Masu batir a ciki, waɗanda Music Man StingRay ta 1976 ta yaɗa, suna da kaifin sauti, amma batir mai bolt 9 na kirki ba a kowane shago ake samunsa ba, kuma in ka bar waya a jone ka kwana, da safe ya tsiyaye. Marar batir ba ta san wannan ba. Tsirkiya kuma iri biyu ce, mai kaushi da mai santsi. Mai kaushi ta fi ƙara amma ƙura da gumi suna cika tsagoginta ta dushe da wuri. Mai santsi tana shekaru, an san Jamerson da barin nasa har sai sun tsinke.

Babban abokin gabar bes a ƙasarmu hunturu ne. An ƙera ta a inda danshin iska ke kusan rabi, a nan kuwa yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, sannan damina ta zo ta mayar. Katako yana tsukewa yana kumbura, alhali tsirkiyoyi suna jan wuya da nauyin kilo 70 zuwa 80 dare da rana. Abin da ke riƙe shi sandar ƙarfe ce a cikinsa, mai kai da ake murɗawa da ƙaramin makulli. Ga yadda ake dubawa. Ka danne babbar tsirkiya a gaɓar farko da hannun hagu, ka danne ta a gaɓar ƙarshe da na dama, ka leƙa tsakiya. Ratar da ke tsakanin tsirkiya da ƙarfen gaɓa kada ta wuce kaurin katin waya. In ta yi yawa, ka nemi a murɗa sandar a gabanka, rubu'in juyi kawai. In ta motsa, gyara ne na minti biyar. In ta cije, ko kanta ya cinye makulli yana ta zamewa, ajiye jitar ka yi sallama, ko nawa aka rage. Sannan ka ɗaga ta ka hango wuyan daga kai zuwa jiki. Lanƙwasa tana gyaruwa, murɗewa ba ta gyaruwa. Ka shafa gefen wuyan, in bakunan ƙarafa suna kartar hannu, aikin hunturu ne, ana goge su da zarto. Maɓallin da ke ƙarƙar in an juya shi ƙura ce, ramin waya mai girgiɗi dalma yake so. Irin waɗannan ƙananan aibobi abin neman ragi ne, ba abin fasa ciniki ba.

Bari in ɗan ratse. Kukuma da goge da gurmi duk ba su da ƙarafan gaɓa a wuya, kalangu kuma matse shi ake yi a hammata sauti ya hau ya sauka yana bin karin harshe. Ƙarafan da ke wuyan bes sun yanka sauti a ma'aunin Turawa, ba ta iya wannan sulɓi sai da dabara. Akwai bes marar ƙarafa, irin wadda Jaco Pastorius ya shahara da ita, ita ce kuma Bakithi Kumalo na Afirka ta Kudu ya kaɗa a faifan Graceland na 1986. Ina ganin yaron da ya tashi da kukuma a kunnensa zai iya sa irin wannan bes ta yi Hausa fiye da yadda fiyano ya taɓa yi. Amma koyonta ya fi wuya, masu sayenta a hannu kuma sun fi kowa ƙaranci. Bes ta biyu ce, ba ta farko ba.

Kayan ba a shimfiɗa su a kasuwar Talatar Mafara. Sai an je Sabon Garin Kano ko Kaduna, su kuma yawanci daga kasuwar Alaba ta Legas suke sarowa. Hawa uku ne: sabo a kwali, ɗan Kwatano da aka yi amfani da shi a waje, da na hannu da ya sha hunturunmu. Na ukun, in ya tsira da miƙaƙƙen wuya, ya riga ya ci jarrabawa. Jabu kuwa ya cika kasuwa, kuma farashi ne ke fara tona shi. Sabuwar Precision ƙirar Amurka ta haura dala 1,500. Bayan an saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta wuce 1,500 a 2024, wato a lokacin jitar ta haura naira miliyan 2 tun kafin kuɗin dako da kwastan. To ka shiga shago ka nuna wata mai sheƙi.

"Maigida, wagga nawa ta?"

"Fender ce ta Amurka, abokina. Taya kawai, ba za mu ɓata ba."

"A jona mini ita a waccan ƙaramar amfilifayar, ba babbar ba. A kawo makullin wuya kuma."

Daga yadda fuskarsa ta yi za ka san rabin labarin. Mai shago a mafi kyawun amfilifayarsa yake gwaji, ita ke ƙawata kowace jita, kai kuwa ba da ita za ka tafi gida ba. In an sallama maka Fender ta Amurka a kuɗin wayar hannu, sunan kaɗai ka saya. Ba ƙirar Sin ce aibi ba. Squier, wadda Fender ke fitar da jita da sunanta tun 1982, da ƙananan Yamaha da Ibanez da Cort, a Indonisiya da Sin ake yin yawancinsu, kuɗinsu a waje tsakanin dala 200 da 300, kuma suna aiki shekara da shekaru. Aibin shi ne kayan da ya ɓoye sunan mai shi ya ari na wani, don wanda ya yi ƙarya a tambari ba ka san me ya sa a cikin wuya ba. Sayen nagari mayar da kuɗi gida, amma nagari a nan Yamaha ce ta gaske, ba Fender ta bogi ba.

Ciniki ta Facebook ko Jiji ko WhatsApp ya rage wa mutane bin hanyar Gusau zuwa Funtuwa, wadda ba kowa ke sha'awar hawanta ba a 'yan shekarun nan. Amma in ba a yi hattara ba cinikin biri a sama ne. Ka nemi bidiyo da aka ɗauka yanzu, ana kaɗa kowace tsirkiya gaɓa bayan gaɓa, ana juya kowane maɓalli, a nuna bayan amfilifaya da rubutun bolt. Mafi alheri ka sami ɗan'uwa a garin ya je ya gani kafin kuɗi su tashi. In za a ba direba a tasha, a sassauta tsirkiyoyi, ko a kwance kusoshin nan huɗu a naɗe wuya daban, jiki daban, kada a ɗora mata buhu.

Musaya ma ana yi, a ba da tsoho a yi ciko, ko a ba da waya ko fiyano a karɓi bes. A nan kowa da abin da ke riƙe daraja. Akwatin sifika mai lafiya da tsohuwar amfilifaya mai taransifoma ba sa faɗuwa sosai, faɗuwar naira ma ta sa wasu sun sayar sama da yadda suka saya. Bes mai sananniyar alama ta gaske tana biye. Marar suna da jabu da ƙananan akwatunan PMPO kuwa, da ka fita da su daga shago rabin kuɗin ya tafi. Wanda zai bayar da nasa ya faɗi aibinsa da bakinsa, fiƙihun da muke bi ya ba mai saye damar mayar da kayan da aka ɓoye wa aibi, kuma masu wannan harka 'yan kaɗan ne, duk sun san juna. Kayan kiɗa da aka sace daga coci ko situdiyo suna yawo a kasuwar hannu, don haka a rubuta takarda: sunan kaya, lambar da ke bayan kai ko kan farantin wuya, aibin da aka gani, kwana nawa aka yarda a gwada, da sa hannun shaidu biyu. In da dillali a tsakani, a yanka la'adarsa tun kafin a jona waya, a kuma faɗi wanda zai biya ta, mai saye ko mai sayarwa.